YADDA ZA A KARE FENTIN MOTA A GIDAN DA BABU GAREJI

Duk wanda ya zaga unguwannin Gusau da sassafe, ko Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari, zai ga motoci jere a ƙofar gidaje sun kwana a waje, ƙura ko raɓa ta lulluɓe su. Haka abin yake a Tsafe da Bungudu. Dalilin kuwa a fili yake. Yawancin gidajenmu an gina su ne da zaure da tsakar gida, ba a yi wa mota wuri ba. Wanda ke zaune a gidan haya kuma ba shi da ikon fasa katanga ya yi garejin ajiye mota. Saboda haka motar da maigida ya yi shekaru yana tara kuɗinta takan ƙare a bakin lungu, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, awaki su hau kanta.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, na zaɓi in yi rubutu a kan wannan batu ne saboda dalilai biyu. Na farko, mota ta yi tsada. Tun daga shekarar 2023 da darajar naira ta faɗi, motar da ake sayowa daga Kwatano ta fi ƙarfin ma'aikaci, wanda ke da ita kuwa dole ya riƙe ta da kyau. Mai saye fenti yake fara dubawa kafin ya buɗe inji, kuma da ya ga an sake fenti sai ya fara zargin motar ta yi haɗari, ya karya farashi. Na biyu, mu ɗalibai mu ne ake sa wa aikin wanke mota da goge ta a gida, musamman lokacin hutu. Ashe ke nan lafiyar fentin motar Baba a hannunmu take. Abin da nake so in nuna shi ne, inuwa da ruwa da ɗan kaki suna iya yin mafi yawan aikin da gareji ke yi, in dai an san yadda za a yi amfani da su.

Mene ne fentin mota?

Kafin a kare abu sai an san shi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafi na farko mai hana tsatsa. A kansa akwai na biyu mai daidaita jikin ƙarfen ya yi sumul. Sai na uku, wanda shi ne launin da muke gani, fari ko ja ko baƙi. A can sama kuma akwai shafi na huɗu wanda ba shi da launi, garau yake kamar gilashi, shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare rana kada ta kai ga launin.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wannan fenti. Idan aka haɗa dukan hawa huɗun, kaurinsu yakan kama daga maikuron 100 zuwa 150. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wato duka fentin bai fi kaurin takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ta littafin rubutunmu ba. Shafin sama mai sheƙi shi kaɗai kuwa bai kai rabin takardar ba. To, wannan ɗan siririn abu shi ne ke tsaye tsakanin ƙarfen mota da ranar Zamfara.

Tsofaffin motoci ba haka suke ba. Motoci irin su Peugeot 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, yawancinsu launi da sheƙi a haɗe suke a shafi guda. Irin wannan fenti idan ya sha rana sai ya dusashe ya yi gari-gari kamar alli, amma idan aka goge shi da man gogewa sai ya farfaɗo, domin akwai sauran launi a ƙasa. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma ga fenti mai shafin sama. Wannan ya fi kyau da daɗewa, amma yana da sharaɗi guda: idan shafin sama ya mutu, ba ya farfaɗowa. Kowa ya taɓa ganin Golf ko Corolla wadda samanta da bonet ɗinta suka yi fari-fari suna ɓarewa kamar maciji mai saɓa. Idan mota ta kai nan, babu wani mai da za a shafa ta warke, sai dai a kai wa mai fenti a kankare a sake. Saboda haka dukan dabarun da zan kawo manufarsu ɗaya ce, wato tsawaita ran wannan shafi na sama.

Rana

Gusau tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Kamar yadda muka koya a darasin labarin ƙasa, a irin wannan wuri rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Jikin baƙar mota da ta wuni a rana yakan kai digiri 70 ko fiye, har mutum ba ya iya ɗora tafin hannunsa a kai.

Rana tana ɓarna ta hanya biyu. Akwai wani haske a cikinta wanda ido ba ya gani, ana kiransa altarabayolet, shi ne ke kakkarya ƙwayoyin fenti a hankali har ya rasa ƙarfi. Akwai kuma zafi, wanda ke sa fenti ya buɗe ya yi laushi da rana, ya tsuke da dare. Duk dattin da ke kansa a lokacin da ya yi laushi sai ya nutse ya bar tambari. Wannan ne ya sa saman mota da bonet da but suke fara lalacewa tun ƙofofi suna da kyau, domin su ne ke kallon sama.

Maganin rana inuwa ce, kuma inuwar da ta fi kowace ita ce ta rumfa. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Dirka huɗu ko shida, da 'yan kwanon rufi, sun isa. Wanda ba shi da halin kwano ya sa zana ko asabari, kamar yadda ake yi wa rumfar kasuwa. Kawuna da ke Tsafe rumfar zana ya yi wa motarsa a gefen zaure, yana sabunta zanar bayan kowace damina, kuma motar ta fi wasu da aka saya bayanta sheƙi. Sai dai a kafa dirkokin sosai, a ɗaure rufin tamau. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kwanon da ba a kafe shi da kyau ba zai iya tashi ya faɗa kan motar da aka yi shi dominta.

Inda babu damar rumfa, a nemi inuwar katanga. Ranar da ta fi cutarwa ita ce ta tsakar rana zuwa la'asar. Idan aka ajiye mota gabas da gini, inuwarsa za ta rufe ta tun daga azahar. Daga watan Satumba zuwa Maris kuma rana tana karkata kudu, saboda haka gefen arewa na katanga ya fi samun inuwa. Amma a kula da indararo. Ruwan da ke zubowa daga soron ƙasa yana ɗauke da yashi, na sabon gini kuma yana ɗauke da siminti, wanda ke cin fenti ya bar farin tabo. Yana da kyau kuma a riƙa juya motar, yau gabanta ya kalli gabas, gobe ya kalli yamma, don kada gefe ɗaya ya riƙa shan rana kullum.

Inuwar itace da abin da ke cikinta

Mutane da yawa da sun ga dogon yaro sai su tura mota gindinsa. Wannan itace, wanda wasu ke kira darbejiya, asalinsa daga Indiya yake, an fara shuka shi a Borno a 1928, yanzu kuwa babu titin Gusau ko Bungudu da ba a ganinsa. Inuwarsa tana da sanyi, kuma da tsakar ranar bazara ta fi filin Allah nesa ba kusa ba. Amma ba kyauta take ba. Lokacin da 'ya'yansa suka nuna sukan faɗo su fashe a kan mota, ruwansu ya bushe ya manne. Mangwaro kuma yana zubar da wani danƙo mai kama ƙura. Sannan ga tsuntsaye da rana, ga jemagu da dare.

Kashin tsuntsu ba abin rainawa ba ne. Farin ɓangaren nan nasa sinadari ne mai tsami da ke cin fenti, kuma sau da yawa akwai tsakuwa da ƙwallon 'ya'yan itace a ciki. Idan ya faɗi a kan bonet mai zafi ya wuni, ko an wanke shi daga baya sai a ga zanensa ya zauna. Na jemage ma haka yake, ko ya fi. Saboda haka kada a bar shi ya kwana, kada kuma a kankare shi da farce ko da kara. A jiƙa tsumma mai laushi a ɗora a kai na minti biyar ko goma har ya jiƙa, sannan a ɗauke shi a hankali, a zuba ruwa. Maigida mai dabara ba ya rabuwa da gorar ruwa da ɗan ƙyalle a but saboda wannan.

Shawarata game da itace ita ce, a yi amfani da inuwarsa da rana, a kawar da motar da dare. Kafin a ajiye kuma a dubi ƙasa. Idan gindin itacen ya yi fari da kashin balbela, to makwancinsu ne, a nemi wani. Da damina a guji tsohon itace mai busassun rassa.

Ƙurar hunturu da tsumman safe

Yanzu na zo kan abin da na fi so a kula da shi, domin shi ne ya fi shafar mu ɗalibai. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙura daga Sahara, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ga kuma tamu ƙurar ta jar ƙasa da babura ke tayarwa a lunguna. Kowace safiya sai a tarar mota ta yi butu-butu.

Me aka saba yi? Sai a kira yaro a ba shi busasshen tsumma a ce ya goge. Yaro kuwa ya dage da ƙarfinsa yana murzawa, har motar ta fito tas, kowa ya yaba masa. Amma ƙura ba gari ba ce. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi fenti tauri ƙwarai, har gilashi yana iya kartawa. Busasshen tsumma mai ƙura daidai yake da takardar nan mai yashi da kafinta ke goge katako da ita. Kowace murza tana barin dubban ƙananan zane waɗanda ido ba ya gani a rana ɗaya. Bayan hunturu biyu ko uku, idan aka tsaya aka dubi bonet cikin hasken rana, sai a ga zane-zane zagaye kamar yanar gizo-gizo, sheƙin ya tafi. Sai a ce rana ce ta ci motar, alhali hannu ne ya fara buɗe wa rana ƙofa, domin duk zanen da aka yi ya rage kaurin shafin da ke tare ta.

A nan akwai abin lura. Ƙurar da ke kwance a kan mota ba tare da an taɓa ta ba, ɓarnarta kaɗan ce. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da aka murza ta. Saboda haka idan babu ruwa, gara a wanke gilasai da fitilu kawai don direba ya ga hanya, a bar jikin motar da ƙurarsa har ranar wanki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san wannan magana za ta yi wa wasu iyayenmu nauyi, domin babu mai son a gan shi a wurin aiki ko wurin ɗaurin aure da mota mai ƙura. To, bokiti ɗaya na ruwa da aka kwarara daga sama ya isa ya sauke mafi yawan ƙurar kafin a sa hannu. Haka nan a hana ƙannenmu rubutu da yatsa a jikin mota. Rubutun yakan tafi da wanki, amma zanensa yana nan.

Yadda ake wanke mota

Wankin mota sau ɗaya a mako ya wadatar. Ga yadda nake yi wa motar mahaifina, kuma bokiti uku suna isa ta, ko da a bazara da ruwa ke tsada a hannun 'yan garuwa.

Da farko a zaɓi lokaci. Da sassafe ko da yamma ake wanki, a inuwa, lokacin da jikin motar ya huce. Idan aka zuba ruwa a kan ƙarfe mai zafi sai ya bushe nan take ya bar ɗigo-ɗigon fari. Wannan ya fi faruwa da ruwan rijiya da na burtsatse, domin akwai gishirin ƙasa narke a ciki, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Mai wanki ya cire zobe da agogo, ya kuma kula da ƙarfen bel ɗinsa idan zai miƙa ya wanke sama.

Bokiti na farko a kwarara shi daga saman mota zuwa ƙasa da moɗa, ba tare da an taɓa jikinta ba. Sauran biyun, ɗaya a sa masa sabulu, ɗaya a bar shi zalla. A tsoma tawul mai laushi a na sabulu, a wanke wuri kaɗan, sannan a ɗauraye tawul ɗin a ruwan zalla kafin a mayar da shi cikin sabulu. Ta haka yashin zai zauna a gindin bokiti ɗaya, ba zai koma jikin motar ba. A fara daga sama a gangaro, domin ƙasan mota ya fi datti. A riƙa jan hannu a miƙe, ba tare da dannawa ba. Tayoyi da ƙasan ƙofofi a ware musu nasu tsumman dabam, kuma su ne na ƙarshe. Tsumman da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an ɗauraye shi sosai. Da an gama a ɗauraye, a tsane ruwan da busasshen tawul mai tsabta tun bai bushe da kansa ba.

Game da sabulu, garin sabulun wanki irin su Omo an yi shi ne don ya fitar da maiƙo daga tufafi. Yana wanke kakin da aka shafa wa mota, yana busar da robobin gilashi, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karta. A nemi sabulun ruwa na mota a shagon kayan mota. Murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti, kwalba ɗaya kuwa takan yi watanni. Soson wanka da soson ƙarfe na tukunya ba su da wuri a wannan aiki. Wanda ke kai motarsa wurin masu wanki a bakin hanya, ya tsaya ya ga tsumman da za a sa mata, ya roƙi a fara zuba ruwa.

Kaki

Bayan wanki sai kariya. Kakin mota wani mai ne da ake shafawa ya zauna a kan fenti kamar riga, ya karɓi rana da datti a madadinsa. Mafi shahara ana samo shi ne daga ganyen wani itace mai kama da giginya da ke ƙasar Brazil, ana kiransa karnoba. Akwai kuma na haɗin kamfani wanda ya fi jure zafi. Ana shafa shi siriri da ɗan soso mai laushi a kan mota wankakkiya, busasshiya, a inuwa. A bar shi ya yi hazo-hazo, sannan a goge da tawul mai tsabta. Yawan lafta shi ba ya ƙara komai sai wahalar gogewa. A irin zafinmu kaki ba ya daɗewa, saboda haka a sabunta shi duk wata biyu ko uku. Gwajinsa mai sauƙi ne. A watsa ruwa a bonet. Idan ruwan ya dunƙule ya yi ƙwallo-ƙwallo ya gangara, kaki yana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokaci ya yi.

Dole a bambanta kaki da man gogewa mai ci, wanda masu fenti ke sa wa injin gogewa. Kaki ƙari yake yi, shi kuwa wancan ragewa yake yi. Yana fitar da sheƙi ne ta hanyar cinye saman fentin har ya kai zurfin zanen. Sau ɗaya ko biyu a rayuwar mota, a hannun gwani, yana da amfani. Amma wanda ya mayar da shi al'adar kowace Sallah, wata rana zai ga launi a jikin tsumma, alamar shafin sama ya ƙare. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Motar da aka yi wa sabon fenti kuma a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin a sa mata kaki, don fentin ya gama bushewa. A manyan birane akwai sababbin hanyoyi, kamar shafin siramik da wata leda garau da ake mannawa a gaban mota. Suna da kyau ga mai hali, amma ko an yi su, dokar busasshen tsumma tana nan.

Rigar mota

Wasu za su ce, ai sai a sayi tamfol a rufe. Rigar mota tana da amfani, tana kuma da haɗari. Idan aka rufe mota mai ƙura, iskar hunturu ta yi ta kaɗa rigar dare da rana, ƙurar da ke tsakani za ta goge kusurwoyin motar har su dusashe. Tamfol na leda kuma ba ya numfashi. Da damina yakan riƙe laima a ciki, rana ta fito ta dafa motar, fenti ya yi gizo-gizo, tsatsa ta samu wuri. Saboda haka a nemi rigar da aka ɗinka don mota, mai laushi a ciki, wadda iska ke ratsawa. A sa ta a kan mota mai tsabta kuma busasshiya kawai, a ɗaure ta ta ƙasa don kada ta yi ta kaɗawa, a kuma riƙa wanke ta. Wanda tamfol kaɗai yake da shi, ya fi kyau ya ɗaura shi a kan sanduna ya zama rumfa, bai taɓa jikin motar ba. Rigar ta fi dacewa da motar da za ta yi kwanaki a ajiye, kamar idan maigida ya yi tafiya.

Damina, hanya da dabbobi

Ruwan sama ba wanki ba ne. Ruwan farko yakan sauko da ƙurar da ke sama, ya bar mota da ɗigon laka. Babbar matsalar damina kuwa a ƙasa take. Jar laka takan cushe a kogon tayoyi da ƙarƙashin ƙofofi, ta riƙe ruwa kwana da kwanaki, tsatsa ta fara daga ciki. Wanda ya shiga ƙauyukan Bungudu ko Tsafe a watan Agusta ya sa a wanke masa ƙarƙashin mota idan ya dawo. A kuma tsince ganyen da ke taruwa a gindin gilashin gaba, domin yana toshe hanyar ruwa. Ƙwarin da ke fashewa a gaban mota da dare, su ma a wanke su washegari. Da kaka kuma, lokacin ƙona shara da ciyawa, a nisantar da mota, domin toka idan ta haɗu da raɓa tana zama kamar ruwan kanwa.

A kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta bi ta Kwatarkwashi da Tsafe, da ta Sakkwato wadda ta bi ta Bungudu, manyan motoci suna watso tsakuwa. Direba ya ba su tazara. Idan tsakuwa ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a rufe wurin kafin damina. Ana samun lambar launin mota a wani ɗan allo da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, mai fenti zai haɗa ɗan kaɗan a ɗiga. Kafin a samu, man farce marar launi yana tare ruwa na ɗan lokaci. Kwalta idan ta fallatsa, a jiƙa ta da ɗan kananzir a ƙyalle, a wanke wurin da sabulu, a sake shafa kaki. Man birki da ruwan batir suna cin fenti cikin ƙanƙanin lokaci, da sun zuba a kwarara ruwa. Fetur ɗin da ya tsiyaya daga mazurari shi ma a wanke shi.

Sai dabbobi da mutane. Akuya ba ta ganin bonet sai ta ɗauka dutse ne, kofatonta kuwa yana zane har ƙasa. Rago yakan ga hotonsa a ƙofa mai sheƙi ya kai mata karo, musamman gab da Babbar Sallah da ake ɗaure raguna a ƙofar gida. Ɗan shinge na sanduna ko na waya a kewayen wurin ajiye mota ya isa. A matsar da ita daga kwanar lungu inda kurar ruwa da babura ke juyawa, da kuma filin da yara ke ƙwallo. Mu ma samari mu daina zama a kan but muna hira, domin ƙusoshin wandon jins suna barin alama.

Ga wanda bai riga ya sayi mota ba kuma ya san a waje za ta kwana, fara ko ruwan azurfa ta fi dacewa da ƙasarmu. Ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa, ƙura da ƙananan zane ba sa fitowa a jikinta sosai. Ja kuwa ya fi saurin koɗewa.

Kammalawa

Idan aka lissafa abin da na ambata, wato bokiti uku, tawul biyu ko uku, kwalbar sabulu, gwangwanin kaki da 'yar rumfa, ba su kai ko kusa da kuɗin sake fentin mota ba. Fentin da aka sake kuma da wuya ya kai na kamfani, domin na kamfani an gasa shi ne a tanda mai zafi, a ɗakin da ƙura ba ta shiga, tun ba a sa wa motar kujeru da wayoyi ba. Sau ɗaya ake samunsa.

Ina roƙon iyayenmu, idan yaro ya ce zai ɗebo ruwa kafin ya taɓa motar, kada a ɗauka ƙiwuya ce. Ku kuma 'yan'uwana, hutun nan mai zuwa ku gwada wannan hanya, ku koya wa ƙannenku. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya tsare iyayenmu a kan hanya, ya sa albarka a abin hawansu, mu kuma ya ba mu namu idan lokaci ya yi.